Aikin Wa? Inda firojek ɗinmu ya kai, daga hunturu har bayan Sallah

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau Malam ya raba mu rukuni-rukuni, mu huɗu munka faɗa tare, ni da ɗan Jega da 'yar Argungu da ɗan Yauri, haka muke kiran juna tun aji ɗaya kuma haka zan riƙa rubutawa a nan. Ɗan Jega munka ba shugabanci don ya fi mu natsuwa kuma laftof ɗinshi ce ke riƙe caji. Sharaɗin Malam uku ne, manhaja ce da za ta buɗe a burauza, ta kasance da rumbun bayanai da wurin shiga da lambar sirri, sannan ta taɓa wata matsala ta gaske wadda za mu iya nuna mashi masu fama da ita ido da ido. Ya ce kuma kowane rukuni ya riƙa rubuta abin da ya yi da kwanan wata, to ni anka ɗora ma wannan.

Yawancin rukunai rajistar ɗalibai sunka ɗauka ko kantin sayar da kaya. 'Yar Argungu ce ta ce mu yi ta rabon aikin gida, ta ce a gidansu ba a kwana biyu ba a yi cacar baki kan wa ke da wanke-wanke wa ke da shara ba. Gaskiya da farko na ga abin ƙarami ne, amma da na tuna kalmar da aka fi faɗi a tsakar gidanmu da safe, "wai yau aikin wa?", sai na ce ga ma suna nan mun samu. Kowa ya yarda. Aikin Wa.

Asabar, 18 ga Janairu

Mun zauna a ɗakin ɗan Yauri, hazo ya rufe gari ga sanyi, kowa da rigar sanyinshi. Mun tsaya kan Python, harshen rubuta manhaja, da Django, kayan gina manhajar intanet da anka rubuta da Python, tunda Python munka yi zangon da ya wuce, kuma Django yana zuwa da tsarin shiga da fita da shafin gudanarwa a shirye, ba sai mun gina daga tushe ba, har lambar sirri ma shi ke rikiɗa ta kafin ya ajiye don ko an saci rumbun ba za a iya karanta ta kai tsaye ba. Rumbu dai SQLite muke amfani da shi yanzu tunda fayil ɗaya ne kawai, in mun zo ɗorawa a saba, wato kwamfutar da za ta riƙe manhajar a intanet, sai mu duba wani rumbun mai suna PostgreSQL. Kod ɗin yana GitHub, shafin da ake ajiye kod a yi aiki tare, kowa ya buɗe reshenshi, wato kwafin da zai riƙa aiki a kai kafin a haɗa. Ni da ɗan Jega muna can ciki wajen rumbu da lissafi, 'yar Argungu fuskar manhaja, ɗan Yauri gwaji da rubuta rahoto.

Tebur uku, wato jerin da rumbu ke ajiye bayanai a ciki, munka zana a takarda: gida, mutum, aiki. Kowane mutum da imel ɗinshi da wayarshi, kowane aiki da ranarshi da ƙarfe nawa, in ka gama ka danna. Haka munka gani a darussan da munka kalla a YouTube, kuma a takarda ya yi kyau ƙwarai.

Asabar, 25 ga Janairu

Wagga rana ita ce ta canza mana komai shi ya sa zan tsaya a kanta.

Malam ya ce kada mu rubuta layi ɗaya sai kowa ya je ya zauna da masu aikin a gidansu. Na samu Inna bayan La'asar tana tsintar shinkafa a faifai, na jawo kujera 'yar tsugune na zauna da biro da littafi na ce Inna so nake ki lissafa mani ayyukan gidan nan tun daga safe. Ta dube ni ta ce wanga kuma karatun mi ne, na yi mata bayani, ta ce to rubuta. Wallahi na ɗauka guda goma ko sha biyu ne. Hura wuta da ɗora ruwan zafi tun kafin a kira Asuba saboda sanyi, dama kunu, sharar tsakar gida da ta zaure da ta ƙofar gida kowace daban, wanke-wanken dare da ya kwana, yi wa ƙanana wanka da shirya su boko, ɗebo ruwa ko tsaron ga-ruwa in famfo bai kawo ba, cika randuna, ba tumaki dusa da harawa da share turkensu, cefane, kai markaɗe, kai niƙa, surfe, bakace, tankaɗe, girkin rana, wanke-wanken rana, wanki da shanya da kwashewa, kora yara Islamiyya, girkin dare, kai wa Kaka tuwonta ɗaki da zama har ta ci, kai shara bola, rufe kaji. Ina cikin rubutu Anti, abokiyar zaman Inna, ta leƙo daga ɗakinta ta ƙara guda biyar da Inna ta manta, ciki har da wanke bayan gida da goyon autanmu. Da na ƙirga sun kai talatin da ɗaya, kuma ni da nake kwana nake tashi a gidan nan shekara ashirin da biyu guda huɗu kawai na taɓa yi da hannuna.

Sai na fara tambayar ƙarfe nawa ake kowanne. Inna ta ce ita ba ta aiki da ƙarfe, shara bayan Asuba ce, markaɗe kafin Azahar, wanki da hantsi, kwashe shanya bayan La'asar. Na tambayi wa ke da waya, a gida mai mutum goma sha huɗu wayoyin da ke hawa intanet uku ne, tawa da ta Anti da ta yayana da ba ya wuni gida, Inna ƙaramar mai maɓalli gare ta, yaran da ke yin rabin aikin kuwa ba mai ko ɗaya. Imel kam ni kaɗai da yayana.

Da daddare na kira ɗan Jega na ce zanenmu bai da gida a Birnin Kebbi. Ya ce shi ma abin da ya tarar ke nan, gidansu ma sassa uku ne a ƙofa ɗaya.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mun rushe tebura mun sake. Yanzu mutum daban, mai shiga manhaja daban, wato yaro ɗan shekara tara yana cikin jerin 'yan gida ana ba shi aiki amma ba ya buƙatar waya, wanda ke riƙe da wayar shi zai danna mashi. Imel mun cire shi gaba ɗaya, lambar waya ce sunan shiga, sai da na rubuta ɗan kod da ke gyara lambar don wani zai rubuta ta da sifili a gaba lamba goma sha ɗaya, wani kuma ya fara da 234, kuma in ba a mayar da su iri ɗaya ba rumbu zai ɗauka mutum biyu ne. Lokaci ma mun cire agogo mun sa bayan Asuba, hantsi, kafin Azahar, bayan La'asar, bayan Magariba, bayan Isha'i.

Akwai wani abu da 'yar Argungu ta kawo wanda mu maza ukun ba wanda ya tuna, maganar alkunya. Ta gwada wa mahaifiyarta shafin ƙara mutum, da anka zo kan ɗan fari sai ta ajiye wayar ta ƙi rubutawa, haka sunan maigida. Ni ma Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba tun da nake, ta ya za mu sa mata shi ɓaro-ɓaro a fuskar waya kullum safe. To yanzu gurbin ba "suna" yake cewa ba, cewa yake "yadda ake kiranshi a gida", mai so ya sa Babba, Auta, Maigida, Malam, duk wanda gidan ya saba.

Sai girki. A gidanmu kwana bibbiyu ne tsakanin Inna da Anti. Lissafin bai da wuya, ka ƙirga kwanakin da sunka wuce daga ranar farawa, ka raba biyu ka yar da ragowa, abin da ya fito ka raba da yawan masu girki, ragowar ita ke nuna mai girkin yau, sifili ta farko ɗaya ta biyu. Inda na yi kuskure shi ne na sa ranar ta juya da sha biyun dare, Anti ta ce ai girki da yamma ake karɓa ba tsakar dare ba, wadda ta karɓa ita ke tuwon dare. Na koma na sa girki ya riƙa juyawa da Magariba. Magaribar ma ba ɗaya ba ce ko'ina, mu nan muna can yamma sosai, rana na faɗuwa a Kano kusan kwata kafin tamu, a Maiduguri fiye da rabin awa, kuma tana motsawa da watanni, don haka mun bar kowane gida ya sa lokacinshi, in bai sa ba manhaja ta ɗauki bakwai na yamma.

Talata, 11 ga Fabrairu

Kwana biyu munka rasa kan karon kod. Ni da ɗan Jega duk mun taɓa fayil ɗin tebura a reshe daban-daban, kowa kuma ya sa Django ya ƙirƙiro mashi fayil ɗin sauya rumbu mai lamba ɗaya, da anka zo haɗawa Git, manhajar da ke haɗa rassan kod, ya tsaya kan layukan da munka taɓa tare, bayan mun warware wannan Django ma ya ƙi tafiya don ya ga sauyi biyu sun fito daga wuri ɗaya. Rai ya ɗan ɓaci amma mun sasanta, doka yanzu ita ce mutum ɗaya ke taɓa tebura a mako, kuma kowa ya jawo sabon kod kafin ya fara aiki.

Kuɗin data ma ya tashi bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da anka amince wa kamfanonin waya a watan jiya, mun koma yin manyan saukewa da dare muna tura wa juna ta filas.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Musu munka yi yau har anka kira Magariba. Ɗan Yauri yana so a ƙirga ayyuka kawai, wanda ya yi biyar ya fi wanda ya yi uku, mai sauƙi ne kuma ba gardama. 'Yar Argungu ta ce a'a, ta ce wanda ya rufe kaji ya kai shara ya sayo magi ya yi uku ke nan cikin minti goma sha biyar, ita kuwa wadda ta yi wankin mutum goma tun hantsi har Azahar tana duƙe bakin rijiya guda ɗaya ta yi, in manhaja ta ce na farkon ya fi to ƙarya muke koya wa kwamfuta. Ta faɗe shi da zafi don abin a jikinta yake, ba a littafi ta karanta ba.

Na goyi bayanta. Mun tsaya kan kowane aiki ya samu nauyi daga ɗaya zuwa biyar, kuma ba mu za mu sa ba, uwar gida ce za ta sa don ita ta san nauyin. Na koma wa Inna da jerin nan talatin da ɗaya, ta ba wanki biyar, surfe biyar, ɗebo ruwa huɗu in daga waje ne don jarka mai lita 25 ba wasa ba ce ga yaro, girki kowanne huɗu, sharar tsakar gida biyu, aike ɗaya. Da munka zo kan goyo da raino ta yi shiru ta ce wannan ba ya da lamba, ba a gama shi balle a danna. Ban san yadda zan sa shi a tebur ba, har yanzu yana nan a littafina na zagaye shi da biro.

Ɗan Yauri ya nemi a ƙara allon gasa, wa ya fi maki a mako, ya ce zai sa yara su riƙa rige-rige. Mun ce a gwada.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun ɗora a saba ranar Litinin, karon farko da na buɗe Aikin Wa a wayata ba ta laftof ba, na daɗe ina kallonta. Gida huɗu ke gwaji, gidajenmu. A namu wayar Anti ce ta gida, da safe ƙanwata mai bi na ke karanto wa kowa aikinshi.

Jiya da misalin bakwai da rabi Anti ta aiko a kira ni, ta ce Yayansu zo ka ga abin nan naka, na karɓi girki har na ɗora tukunya amma har yanzu Yaya yake nunawa, Inna take nufi. Na duba lissafi daidai yake, na gwada a laftof daidai, sai ƙarfe takwas cif ya juya da kanshi. Nan na gane. Sabon aikin Django yana zuwa ne da agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, mu kuma Najeriya muna gaba da shi da awa ɗaya, wato bakwai ɗin saba takwas ce a wurinmu. Na canza saitin lokaci zuwa Africa/Lagos, na kuma bi duk inda na tambayi kwanan wata na mayar da shi ya riƙa tambaya da lokacin gida. Layi kaɗan ne, amma da ba Anti ba da sai ranar gabatarwa za mu sani ko ma ba za mu sani ba sam.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga wata, kuma jadawalinmu gaba ɗaya ya tashi daga aiki. Girkin rana babu sai na yara, ga sabbin ayyuka da ba su cikin rumbu, tashin sahur tun wajen ƙarfe uku, jiƙa gero da kai markaɗen kunu da na ƙosai, jiƙa tsamiya, sayo ƙanƙara kafin ta ƙare, rabon kunun sadaka a maƙwabta da masallaci kafin a sha ruwa. Duk nauyin ya koma tsakanin La'asar da Magariba, lokacin da kowa ya fi galabaita, ga zafi ya fara shigowa da ƙarfi.

Kunya ta kama mu don dukkanmu mun san azumi na zuwa amma ba wanda ya kawo shi cikin zane. Ɗan Jega ya kawo shawara mai kyau, maimakon jeri ɗaya gida ya iya ajiye jadawali fiye da ɗaya, na kullum, na azumi, na damina lokacin da maza ke gona ko fadama, sai a zaɓi wanda ke aiki. Tebur ɗaya munka ƙara, kowane aiki ya san jadawalin da yake ciki. Mun ƙara "kafin sahur" da "kafin shan ruwa" a jerin lokuta. Bayan tarawihi muke haɗuwa yanzu, awa biyu kawai kafin barci ya ci ƙarfinmu.

Laraba, 12 ga Maris

Abu biyu. Na farko nauyin shafi, a wayar ɗan Jega yana buɗewa nan take amma a tsohuwar itel ɗin gidan su ɗan Yauri sai ya yi ta juyawa, balle can gefen gari inda sabis ke zuwa yana tafiya. 'Yar Argungu ta cire hotuna da rubutun ado da muke jawowa daga waje, ta rubuta CSS ɗinta, wato kod ɗin da ke tsara kamannin shafi, ɗan kaɗan da hannu, maɓallai manya don babban yatsa, tana gwadawa da kayan aikin Chrome da ke rage gudun intanet da gangan. Shafin bai kai na da ƙyalli ba amma yana buɗewa, kuma shi ne abin da muke nema.

Na biyu tes, wato saƙon SMS. Muna so Inna da irinta masu ƙaramar waya su samu saƙon safe da jerin ranar. Na rubuta saƙo mai harafi kamar 150 na gwada sai na ga an caje mu kuɗin uku. Ashe saƙon tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka in duk haruffan na cikin jerin GSM ne, wato ƙaramin jerin haruffan da tes ya saba da su, amma da ƙ ko ɗ ko ɓ ɗaya tak ya shiga sai duk saƙon ya koma Unicode, babban tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna da yawa, iyakarshi ta dawo 70, in kuma ya wuce a yanka shi gunduwa-gunduwa na 67. Abin ya yi mani ciwo, haruffan harshenmu su ne ke ninka mana kuɗi. Mun yanke cewa a cikin manhaja za mu rubuta Hausa daidai da ƙugiyoyinta tunda UTF-8, tsarin haruffan da manhajar ke amfani da shi, na ɗauka ba matsala, a tes kaɗai za mu sauke su, kuma mun bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya don kada ma'ana ta juya, misali ƙasa da kasa, inda ruɗani zai shigo sai mu canza kalma. Kuɗin tes ɗin daga aljihunmu ne don haka gida huɗun nan kawai, sau ɗaya a rana.

Asabar, 22 ga Maris

Na daɗe ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Shekaranjiya na gama shafin taƙaitawa, wanda ke tara makin kowa ya nuna shi da sanduna. Na buɗe na gidanmu na mako uku na azumi don in ga ko lissafi na tafiya. Sandar ƙanwata mai bi na, wadda ke aji biyar na sakandare, ta kusa fita daga fuskar waya, maki 212. Ƙanina da ke bin ta da shekara ɗaya da rabi 58. Ni 19, kuma rabinsu sayo ƙanƙara ne a kan mashin. Na ɗauka kuskure ne, na shiga rumbu na bi layi-layi, ba kuskure, ita ce kafin sahur, ita ce wanke-wanken sahur, ita ce markaɗe in ta dawo makaranta, ita ce suyar ƙosai gaban wuta da azumi a bakinta a wannan zafin da ke haura digiri 40, ita ce wanke-wanken bayan shan ruwa lokacin da mu muke shimfiɗe a tabarma. Kuma wannan ban da goyon auta da ba mu sa ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne makon da ya wuce na yi mata faɗa kan sakamakon gwajin lissafinta, na ce ba ta karatu. Ta ce Yaya yaushe zan yi, ni kuma na ce uzuri ne.

Na kai wa Inna wayar bayan tarawihi na nuna mata, na yi mata bayanin sandunan. Ta ce ai ta sani, ba sai waya ta gaya mata ba, ita ma haka ta tashi gidansu a Kalgo, ɗiya mace ita ke riƙe gida. Na ce Inna jarabawar fita na gabanta baɗi. Ba ta ce komai ba ta ci gaba da jan carbinta. Da asuba bayan sahur sai na ji ta kira ƙanina ta ce daga yau kwanukan sahur nashi ne, markaɗe kuma ni zan riƙa kaiwa a mashin tunda hanyata ce. Ƙanina ya fara gunaguni wai abokanshi za su ganshi, ta ce da duhu ake yi ba mai ganinka. Na tashi na ɗauki bokitin geron da kaina na ajiye bakin ƙofa don kada in manta.

Na gaya wa 'yan rukuni, 'yar Argungu ta ce na gidansu ma haka ya fito, ita ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, mun huta kwana huɗu, Allah ya maimaita mana.

Mun cire allon gasa. A gidan su ɗan Yauri yara biyu sun yi dambe kan wa zai kai shara don maki, wani kuma ya riƙa ɗaukar wayar yana danna ayyukan da bai yi ba, ɗan Yauri da ya kawo shawarar shi ya fara cewa a cire. Yanzu in yaro ya ce ya gama aikin yana zama "ana jira" har babba ya tabbatar, shafin sanduna kuma iyaye da mai riƙe da wayar kawai ke gani.

Mun cire jan launi ma daga kan manya. Da in lokaci ya wuce ba a danna ba sai layin ya yi ja ya rubuta "ba a yi ba", ranar jajibiri Inna na can tana fama da tuwon Sallah ba wanda ya tuna da waya, sai ga autan 'yan boko yana karantowa da ƙarfi a tsakar gida wai Inna ba ta yi aikinta ba. Baba na zaure ya ji, ya kira ni ya ce kai wanga abu naku ba ya san babba ba? Na ba shi haƙuri, kuma gaskiyarshi, ba tarbiyyar gidan da za ta yarda waya ta tsawata wa uwa gaban ɗiyanta. Yanzu girkin iyaye yana nuna mai shi ne kawai, ba dannawa ba launi.

Sauran abin da ke gabanmu musanya ce. Anti za ta tafi Bunza biki kwana uku, lissafin ragowa bai san tafiya ba, bai san haihuwa ko rashin lafiya ba. Ɗan Jega na gina tebur na keɓewa inda za a ce daga rana kaza zuwa kaza wance ta karɓi na wance, kuma a zaɓa ko za a rama ko an yafe.

Litinin, 14 ga Afrilu

Yau munka gabatar. Wuta ta ɗauke ana saura rukuni ɗaya kafin mu, majigi ya mutu, sai munka miƙa wa Malam da sauran malamai biyu wayoyinmu su taɓa da kansu, ɗaya ya ƙirƙiri gida ya sa mata biyu da yara biyar ya matsar da kwanan wata ya ga girki na juyawa. Ya tambayi me ya sa ba imel, 'yar Argungu ta amsa, ya tambayi tsaron bayanai tunda sunayen yara ne a ciki, ɗan Jega ya nuna mashi cewa kowace tambaya zuwa rumbu tana tacewa da gidan wanda ya shiga, ɗan Yauri kuma ya nuna gwajin da ya rubuta inda mutumin wani gida ke ƙoƙarin buɗe shafin wani a hana shi. Inda anka kama mu shi ne aiki ba intanet, mun fara rubuta ɗan kod ɗin da ke zama a burauza yana ajiye shafi don a iya buɗewa ko ba data, yana nuna jerin ranar amma in ka danna "an gama" ba sabis dannawar ɓacewa take, Malam ya ce mu gyara kafin mu miƙa rahoto nan da mako biyu, kuma mu rubuta babi guda kan abin da munka canza bayan zama da iyayenmu.

Ya tambaye ni raino fa, don ya gani a littafina na zagaye. Na ce har yanzu ba mu samu yadda za mu auna shi ba. Ya ce ko ba maki a sa shi ya riƙa fitowa a jerin ranar da sunan mai yi, a dai gan shi. Wannan zan yi daren yau in an kawo wuta, gurbi ɗaya ne a tebur ɗin aiki da zai ce wannan ba a ƙirga shi kuma ba a danna shi.

Makin makon jiya a gidanmu, ƙanwata 47, ƙanina 33, ni 21. Gobe Talata wankin Kaka nawa ne da hantsi kafin in wuce makaranta, ƙanwata ta ce in jiƙa farare daban kada zanen atamfa ya zuba masu.